Shekara Uku a Asusun Jamilu

Kwana ashirin Malam Muntaka ya ba ni, kuma ranar Litinin ɗin da na shiga banki saura huɗu.

Malam Muntaka shi ne mahaifin Zuwairatu. Bai taɓa cewa ba ya so na ba. Abin da ya ce kawai shi ne, ɗiyarsa ba za ta zauna a gidan da ke bayan kwalta ba. Ba wanda ya ga laifinsa. Babbar ɗiyarsa Hussaina a wani ƙauye na gefen daji aka kai ta, 'yan bindiga suka ɗauke ta da goyo a baya, ta yi kwana arba'in da ɗaya a hannunsu. Sai da ya sayar da gonarsa ta Tsaskiya da shanun huɗa biyu kafin ta dawo. Daga nan ya kwashe iyalinsa ya koma cikin Safana, ya kama hayar ɗaki biyu da zaure.

Ni kuwa ƙauyenmu yana can bayan Ruma, inda mota ba ta shiga. Sana'ata sayen hatsi. Ina bin ƙauyuka a kan babur in sayi gero da dawa tiya-tiya, in haɗa buhu, in kawo Batsari in sayar wa masu lodin Katsina. Sharaɗin Malam shi ne in kama ɗaki a cikin Batsari, in sami rumfa a kasuwa, in daina bin hanyar daji. In na yi haka kafin Juma'ar da ya sa, in turo iyayena. In ban yi ba, akwai wasu da suka nemi izinin zuwa.

Na yi lissafi har na gaji. Abin da na tara dubu ɗari biyu da talatin ne, zai biya hayar ɗaki da ta rumfa na shekara. Amma rumfa ba kaya, zaman banza ne. Ina bukatar dubu ɗari huɗu na jari.

Na san inda ake samun kuɗi cikin sauri. Alhaji Daudu yana ba da buhu ɗaya da damina a biya shi biyu da kaka, kuma sai an ajiye masa takardar gona. Gonar tamu ta gado ce, mu bakwai. Akwai kuma masu ba da bashi ta waya, waɗanda in ka makara kwana uku za su aika wa kowa da ke cikin wayarka cewa kai ɓarawo ne. Lambar Malam Muntaka tana cikin wayata. Shi ya sa na nufi ƙaramin bankin nan na masu ƙananan sana'a, da na ji an ce ba ruwa suke ɗorawa ba, kayan suke saya su sayar maka da 'yar riba, ka biya cikin wata goma.

Wadda ta saurare ni wata ma'aikaciya ce mai tabarau, Malama Ramlat. Ta tambaye ni sana'ata, na yi mata bayani. Ta tambayi buhu nawa nake sayarwa a mako, na ce takwas zuwa goma in hanya ta yi lafiya. Na ga ta gyaɗa kai, har zuciyata ta fara sanyi.

“To, Malam Sharhabilu, kawo mana takardar shige da ficen kuɗinka ta wata shida.”

Na ce ba ni da asusu.

Ta cire tabarau ta dube ni. Shekara uku ina juya buhu goma a mako, ba asusu? Ina masu lodi suke zuba kuɗin?

Sai da na waiga na ga ba kowa kusa sannan na gaya mata. A hanyarmu in suka tare ka, waya suke fara karɓa, kuma ba don su sayar ba. Saƙonni suke bi. In suka ga alat na shigar kuɗi banki, da shi za su yanke maka kuɗin fansa. Maƙwabcinmu Mamman, dubu tamanin suka gani a wayarsa, kuɗin ma na wani ne aka turo ta hannunsa, suka ce mai kuɗi ne, sai miliyan biyu. Tun daga ranar na yi alkawari sunana ba zai shiga banki ba. Duk wanda ya sayi kayana, lambar Jamilu mai POS nake ba shi. Kuɗin su shiga asusunsa, in zan tafi ƙauye in karɓi abin da zan yi saye da shi, sauran ya ajiye mini.

Malama Ramlat ta ce ta gane, ba ni ne na farko ba. Amma a wurin banki, wannan cinikin duk na Jamilu ne. Ni a takarda ban taɓa sayar da ko tiya ɗaya ba.

Ta lissafa mini hanya uku. In shiga ƙungiya ta mutum biyar, a fara ba ni dubu hamsin, in na biya a ƙara, nan da shekara in kai abin da nake so. Ko mai asusun ya zo da kansa ya sa hannu cewa kuɗin da ke shigowa nawa ne. Ko kuma wani da ya ci bashinsu sau uku ya biya ba makara ya tsaya mini, ya jinginar da abin sana'arsa.

Shekara ba ni da ita. Mai tsaya mini ban san kowa ba. Na tashi na tafi wurin Jamilu.

Tare muka yi firamare da shi. Ni na tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin da Babanmu ya rasu, shi ya gama. Yana da 'yar rumfar kwano a bakin tasha, da benci a gaba inda 'yan acaba da masu jiran mota suke zama. Da ya hango ni ya fara murmushi.

“Sarkin daji, yau kai ne da farar riga? Ko an naɗa ka kansila ba mu ji ba?”

Na ce magana ce ke tafe da ni, mu ɗan koma gefe. Muka zagaya bayan rumfar. Na gaya masa duk yadda muka yi da Malama Ramlat. Na ce sa hannu ɗaya kawai nake nema, ba zai biya ko kwabo ba.

Ya daɗe yana wasa da makullin babur ɗinsa. Sannan ya ce abin da kamar wuya. Bara shi ma ya nemi bashi a wani banki a Katsina, kuma takardar shige da ficen wannan asusun ya kai musu. Da ita suka ba shi miliyan ɗaya da rabi, ya rufe gidan da yake ginawa. In yau ya sa hannu cewa rabin cinikin ba nasa ba ne, ya zama maƙaryaci ke nan.

“Da gumina ka rufe gida, Jamilu?”

“Da asusuna. Kai ka kawo, ban roƙe ka ba. Shekara uku ina riƙe maka dukiya, ka taɓa neman naira ka rasa?”

Ban taɓa ba.

“Kuma tun da abin ya zo nan, gara ka ji daga bakina. Kawunnaina ne za su Safana ranar Juma'a.”

Na san akwai wasu, amma ban taɓa kawo shi a raina ba. Shi nake ba wa saƙon katin waya in zan tura wa Zuwairatu. Lambarta ma a hannuna ya gani.

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce shi bai saci kowa ba, Malam gida a gari yake nema, shi kuma yana da gida a gari. Sai ya matso ya dafa kafaɗata, ya sassauta murya kamar mai lallashi.

“Mutumina, ka bar ta kawai. Ni kaɗai na san ko nawa ke bi ta hannunka duk mako, da ranar da kake fita, da hanyar da kake bi. Shekara uku ban gaya wa kowa ba. Ka ga ai ni mai riƙon amana ne.”

Bai ƙara komai a kai ba. Amma a ƙasarmu ba a bukatar ƙari. Kowa ya san 'yan daji ba duba suke yi ba, daga cikin gari ake ba su labari. Ban ce Jamilu zai yi ba, har yau ban ce ba.

Na ce ya ba ni kuɗina.

Ya ce ba damuwa. Ya koma cikin rumfa, ya buɗe durowa, ya fara ƙirgawa a kan tebur a gaban mutanen benci, da murya yadda kowa zai ji. Dubu hamsin. Dubu ɗari. Wani mai rawani da ban sani ba ya daina cin gyaɗarsa yana kallo. Da ya kai ɗari biyu da talatin ya tura mini, ya ce in ƙirga da kyau, sannan ya tambaye ni ko yau zan koma Ruma.

Ban koma ba. Na cusa kuɗin a aljihu, na hau babur ban waiga ba, sai banki. Na tarar ana shirin rufewa. Na miƙa wa Malama Ramlat katin ɗan ƙasa na ce ta buɗe mini asusun. Ta dube ni ta ce in zauna in sha ruwa. Da ta gama ta ba ni 'yar takarda mai layi ɗaya, kuɗin da na zuba yau. Tarihina ke nan gaba ɗaya.

Kwana biyu na yi a shagon wani abokina a Batsari, ko kasuwa ban leƙa ba. Duk babur da ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi. Na kira Zuwairatu na gaya mata komai, ban rage ba. Da na gama ta ce in zo ranar Laraba bayan la'asar.

Na same ta a zaure, ta shimfiɗa mini tabarma. Daga cikin gida ana jin ƙarar keke, Hussaina ce ke ɗinki. Tun da aka sayar da gona, kekunan ɗinki biyu na Zuwairatu su ke ci da gidan. Idanunta sun kumbura. Muka gaisa, na tambayi Baba da Inna da jikin Hussaina, ta amsa a taƙaice.

Na riga na shirya abin da zan ce tun a hanya. Na ce mata na zo ne in yi mata sallama. Ba ni da mai tsaya mini, ba ni da shekara, kuma ba zan kai takardar gonar marayu wurin Alhaji Daudu ba. Jamilu yana da gida mai rufin kwano da rijiya. Ba za ta wahala ba.

“Yaya, ka gama?”

Na ce na gama.

“Mutumin da ya ƙirga maka kuɗi a bakin tasha don a gani, shi kake ce mini ba zan wahala a gidansa ba?”

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ce tun shekaranjiya ba ta runtsa ba. Duk sanda ta rufe ido sai ta ga ranar da aka dawo da Hussaina, ƙafafu duk ƙaya, ba ta gane kowa. Ta ce in na ci gaba da bin hanyar nan, wata rana ita za a zo a gaya wa, ko tana gidana ko tana gidan wani, kuma duk ɗaya ne a wurinta.

Sai ta ɗaga gefen tabarma ta zaro takarda.

Na gane tambarin da ke sama. Ta ce ma'aikatan bankin suna zuwa Safana duk Talata wurin ƙungiyar mata. Shekara biyu ke nan tana ciki. Dubu talatin ta fara karɓa ta sayi yadi, ta biya. Ta karɓi saba'in, ta biya. Na uku da shi ta sayi keke na biyu, watan jiya ta gama biya, ko sau ɗaya ba ta makara ba. Jiya ta tambaye su ko mace tana iya tsaya wa namiji, suka ce takarda ba ta san mace ko namiji ba.

“Me za ki jinginar?”

“Kekunan.”

“Duka biyun?”

“Ɗaya bai kai ba.”

Na ture takardar. Na ce ba zan iya ba. In farashi ya faɗi fa? In aka fasa rumfar? In rashin lafiya ta kwantar da ni wata biyu? Za su zo da mota su ɗauki kekunan a gaban Inna, gidan nan ya rasa abin tuwo saboda ni. Kuma me za a ce a Ruma, Sharhabilu ya yi aure da bashin matarsa?

“Su faɗa. Ai su ba su tsaya maka ba.”

“Zuwaira, tsoro nake ji.”

“Ni ma shi nake ji.” Ta sake turo mini takardar. “Kana tsammani ban yi tunanin Inna ba? Na zauna gaban keken nan jiya na kasa taka shi. Amma na ga yadda kake da kuɗin mutane. Mai tiya biyu ma in ta ba ka, kana komawa ƙauyensu ka kai mata cikon kuɗinta. Banki bai gani ba, ni na gani.”

Na ce Baba ba zai yarda ba. Ta ce ba ta gaya masa ba tukuna, amma ba za ta sa hannu a ɓoye ba. Tana rufe baki muka ji sallamarsa.

Malam Muntaka ya shigo da buta a hannu, ya dawo daga masallaci. Na sauka daga tabarma na durƙusa. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi mutanen gida da yadda gero ya yi a wajenmu, ko an samu an yanke na nesa. Idonsa na kan takardar. Ya zauna a kan dakali ya ce mene ne wannan.

Zuwairatu ta buɗe baki, na riga ta. Na ce Baba ni zan faɗa, don laifin nawa ne. Na gaya masa yadda na ɓoye cinikina a asusun wani saboda tsoro, da yadda banki ya ce ba su san ni ba, da abin da ɗiyarsa take so ta yi. Na ce ban nema ba, kuma in ya ce a'a zan tashi in tafi, ba zan riƙe shi a zuci ba. Maganar da Jamilu ya yi mini a bayan rumfa ce kaɗai na haɗiye, don ba ni da shaida. Zuwairatu ta faɗe ta, kalma ba ta canza ba.

A cikin gida keken ya tsaya.

Malam ya ce Zuwairatu ta karanta masa takardar. Ta karanta a hankali. Ya tambaya ko akwai ruwa a ciki, ta ce babu, ta yi masa bayanin yadda suke sayen kayan. Da ta zo inda aka ce in wanda aka tsaya wa ya kasa biya wata uku a jere za a ɗauki abin da aka jinginar, ya ɗaga hannu ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

“Na sayar da gona saboda ɗiya ɗaya,” ya ce, ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo. “Na ce shi ke nan, abin da ya rage a gidan nan ba mai taɓa shi. Yanzu kuma ga wannan.”

“Baba, don Allah ka yi haƙuri,” in ji Zuwairatu, tana kuka sosai yanzu.

“Ke yi shiru. Kekunan ba ni na saya miki ba, ba zan ce ki yi ko ki bari ba. Ke ba yarinya ba ce.”

Ya juyo gare ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba, ba fushi a ciki, tsoro ne irin nawa.

Ya ce shi ba zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da ke magana irin ta Jamilu ba, ko da gidan bene gare shi. Amma in sani, in ta sa hannu a wannan takarda, sunanta ya haɗu da nawa a gaban hukuma, ba sauran wani da zai karɓi maganarsa. In turo iyayena ranar Juma'a da hantsi, su biyo kwalta ko da za su zagaya. Kawunnan Jamilu shi zai tare su da kansa. Daga yau kuma ƙafata ba ta sake taka hanyar Ruma da kuɗi a jiki, ko mutuwa aka yi sai dai in je hannu wofi.

Na ce na ji, Baba.

“Sharhabilu, ka taɓa cin bashi ka biya?”

“Ban taɓa ci ba, Baba.”

“To wannan ne na farko, kuma a wuyan ɗiyata ka ɗora shi. Mu tara ke ci daga kekunan nan.”

Ya ɗauki butarsa ya shige cikin gida.

Zuwairatu ta goge fuska da gefen hijabi, ta ɗora takardar a kan gwiwarta ta sa hannu. Ta miƙo mini biro. Na duba layin da aka bar wa mai karɓa, na duba ƙofar da Malam ya shiga. Ina jin Inna tana tambayarsa me ya faru.

Sau biyu biron yana zamewa daga yatsuna. A na uku na danne takardar da tafin hannu, na rubuta sunana.